Danshi a Gindin Ginshiƙi

A shekarata ta biyu ina karatun zanen gine-gine a Guangzhou ta ƙasar Sin, malaminmu ya ba kowa tsohon gini guda ya je ya auna. Ni aka tura ni wani ƙauye a bayan gari, gidan katako ne da hukuma ta hana a taɓa. An ce tun zamanin daular Ming yake tsaye.

Ban ga ƙusa ko ɗaya a jikinsa ba. Kowane gungume an fafe masa rami, an feƙe bakin ɗan'uwansa an zura, nauyin rufi kuma yana ƙara matse su. Ginshiƙan ba a binne su ba, kowanne a kan dunƙulen dutse yake zaune, kamar tulu a kan gammo. A gidanmu na Kano bango ne ke ɗauke da azara, nan kuwa bangon sutura ce kawai. Duk na rubuta a littafina, amma ban tambayi kaina amfanin dutsen ba.

Wata tsohuwa ce ke kula da gidan, daga zuriyar masu shi. An bar mata ɗaki ɗaya bisa sharaɗin kada katakon ya samu lahani a hannunta. Kullum sai ta ajiye mini shayi a bakin ƙofa.

Azahar da la'asar a can suke riskata. Tsakar gidan ɗan fili ne a buɗe, da magudanar ruwa, amma daga ɗakinta ana hango shi, ni kuwa ina jin kunyar a gan ni ina wanke ƙafa a gidan mutane. Sai na samu lungu bayan ginshiƙin kusurwa, inda rana ba ta kaiwa, nake alwala da gorar ruwa. Dutsen wannan ginshiƙin ya nutse saboda tsufa, ya kusa daidai da daɓe. Mako biyar ina haka.

Ranar da masu dubawa na hukuma suka zo, ɗayansu ya durƙusa ya haska gindin ginshiƙin. Ya yi baƙi, har ya fara fumfuna, kuma danshi ne ke kiran gara. Ashe amfanin dutsen ke nan, ya raba katako da ruwa. Suka tambayi tsohuwar ko nan take zubar da ruwan goge-goge.

"Meyo, meyo," take cewa, wato babu, tana girgiza hannu.

Suka ce za su rubuta a mayar da ita wurin ɗanta a cikin gari. Ina tsaye da tef ɗin awo a hannu, na ci gaba da awona kamar ba ni ba ne.

A wurin kawuna nake zaune a unguwar Sanyuanli, mai aika tufafi Kano. Da yamma ya ga ina juya cokali a cikin shinkafa.

"Kai, ɗan boko, wannan fuska fa? Katakon ne ya cije ka?"

Na faɗa masa komai. Ya tsame hannu daga kwano.

"Ita tsohuwar ta san kai ne?"

"A'a, Kawu."

"Kai da za ka auna gashin gira da tef, bakinka ne ba ya buɗewa? Alwala ta yi kyau, an kori tsohuwa da ita."

"Kawu, za su cire ni daga aikin."

"Su cire. Ga dilolin kaya can suna jiran mai ɗauri."

Na san bakina ba zai iya ba, don haka na rubuta. Na zana lungun, na nuna inda nake tsugunawa da inda ruwan ke gangarawa, na sa hannu, na miƙa wa malaminmu ya kai wa masu dubawar. Aka ba wani ɗalibi gidan ya ƙarasa. Ita kuwa aka bar ta a ɗakinta.

Na koma ba ta haƙuri. Ta saurara har na gama, sannan ta kama hannun rigata ta ja ni tsakar gida. Ta ɗauki moɗa ta zuba ruwa a bakin magudana, muka tsaya muna kallo har ya wuce. Ta dube ni, ta nuna wurin da yatsa, ta shige ɗaki.

Ranar babu shayi a bakin ƙofa. Na leƙa lungun kafin in tafi. Baƙin yana nan, tsayinsa yatsa huɗu. Ban sake komawa ba, kuma har yau ban san ko ya bushe ba.