Rigar da Na Ɗinka wa Motar Malam

Shekarar da mijina ya ajiye aikin gwamnati, kuɗin sallamarsa kaf ya zuba a mota ɗaya. Irin ta zamani ce, mai tafiya da mai da kuma kuran, wato lantarkin da ke cikin wani ƙaton batiri a ƙarƙashin kujerar baya. Kamfanin da ya sayar masa ya haɗa da takardar garanti, Malam ya adana ta tare da takardun gida. Sau biyu ya karanta mini: in ta lalace da kanta su za su gyara kyauta, in kuwa an sauya mata wani abu a waje, ruwanmu.

Ni 'yar kasuwa ce, atamfa nake sayarwa a Babbar Kasuwa, kuma ban iya ganin sabon abu tsirara ba. Kujerun farare ne tas, ga jikoki da hannun miya. Na kai motar kasuwar Wadata wurin mai ɗinkin kujeru, da kuɗina, ya yi musu riga ta leda mai kauri. Da ya zo kan wata 'yar taga mai raga a gefen kujerar baya, ya tambaye ni ko ya bar ta. Na ce ya rufe, me za ta tara in ba rairayi ba?

Malam ya leƙa ya ce, "Hajiya, da kin bar ta yadda aka ƙera ta."

Na ce, "Wanda ya ƙera ta ba shi da jikoki." Ya yi dariya, magana ta wuce.

Wata biyu bayan haka, cikin zafin bazara, ina tuƙi daga kasuwa zuwa gida a unguwar Maourey, sai fitilu ja da ruwan ɗorawa suka cika gabana. Motar ta yi sanyi, ta ja jiki kaɗan, ta tsaya cak a tsakiyar shataletale. Masu taksi suna oda, masu babur suna zagi. Wasu bayin Allah suka tura ni gefe. Ɗaya daga cikinsu ya zaro sufana yana neman buɗe gaban motar, na daka masa tsawar da ban san ina da ita ba. An gaya mana akwai wayoyi a ciki da ke kashe mutum nan take, ga kuma garanti.

Na kira Malam, ya kira kamfani, suka aiko motar da ke jan matattun motoci. Direbanta yana ɗaure sarƙa yana hira. "Madam, waɗannan ai ba sa son zafi. Ta gefen kujerar baya batirinsu ke shan iska, akwai wata 'yar raga a wurin."

Na so in buɗe ƙofa in yage ledar da haƙorana, amma motar ta riga ta hau bayan tasa, makulli na aljihunsa.

Kwana biyu muka yi muna jiran kira, kuma ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba. A shago na yanka wa wata mata yadi huɗu a maimakon shida. Malam kuwa hankalinsa kwance, yana cewa ai don irin wannan rana ake garanti. Sau uku na buɗe baki zan faɗa masa, sau uku na tambaye shi ko zai sha shayi. Ni da ake cewa bakina ya fi reza, ga ni ina tauna harshe. Ina ta raya wa kaina wataƙila direban nan surutu ne kawai, wataƙila laifin kamfani ne. Har sadaka na yi, ina roƙon Allah ya sa laifin wani ne.

Rana ta uku muka je. Shugaban garejin kamfanin, da suke kira shef, ya zaunar da mu ya nuna wa Malam kuɗin sabon batiri a rubuce. Ban ga adadin ba, fuskar Malam na gani. Daga baya na ji ya kusa sulusin kuɗin motar, kuma na san ba mu da shi, ko da na karyar da shagona.

Shef ya ce, "Alhaji, in daga izin ne, wato inda aka ƙera ta, ko dala ba za ka biya ba. Amma na'ura ta ce batirin dahuwa ya yi. Ku zo ku gani."

Na bi su. Shef ya buɗe ƙofar baya, ya shafa ledar, ya sa 'yar wuƙa ya farke ɗinki ɗaya. Ga ragar nan a rufe ruf. Ya ce nan ne hancin batirin, wata biyu yana neman iska bai samu ba.

"Dole in rubuta. Wa ya sa aka toshe?"

Na buɗe baki zan yi magana, Malam ya riga ni. "Ni ne."

Shef ya dube shi, ya dube ni, ya sunkuyar da kai ya rubuta. Ya ce wa Malam ya yi haƙuri, garanti ba ta ɗaukar wannan. Ya buga hatimi. Ƙarar hatimin nan har yau ina jin ta.

Na jira faɗa. Wallahi da Malam ya zage ni a gaban makanikai da na ji sauƙi. Sai ya ninke takardar, ya sa a aljihu. Aikin shekara talatin ne a cikin motar nan, na fi kowa sani.

Shef ya kira wani makaniki ya ce a yage rigar duka a zubar. Malam ya ɗaga hannu.

"A'a, ku warware ta a hankali, za mu tafi da ita. Wadda ta ɗinka ba mugunta ta yi nufi ba."

Nan na durƙusa a ƙasan garejin, cikin baƙin mai, da sabuwar atamfata, na fashe da kuka.