Daɓen da Baba Ya Daidaita

Baba magini ne. A garinmu, nan ƙasar Malbaza, in ya yi maka daɓe, zuba ruwa a tsakiya ka ga ya rasa inda zai bi. Da wannan suna muke ci muke sha.

Shekarar da na bar lakwal, wato makaranta, wata ƙungiya ta zo da zane a takarda, wai za a ƙawata filin gaban tasha. Abin ba mutum ba, ba dabba ba: siminti ne kwance a ƙasa, nan tudu, can kwari, gefe guda a karkace. Aka ba Baba aikin. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce hannun mai zanen ne ya yi rawa, amma kada a kunyata shi, a gyara masa shiru. Haka magina ke rufa wa juna asiri. Kwana goma sha biyu yana tsugune da igiya da cokalin gini, ya cike kwarin, ya shafe tudun. Wallahi sumul kamar faranti.

Da mai zanen ya iso daga Yamai, sai ya riƙe kai. Ya ce ai karkatar ita ce aikin. Baba ya tambaye shi a hankali, to wa zai iya zama a kai? Aka ce ba na zama ba ne, na kallo ne.

Aka kewaye wurin da zana, aka fasa daɓen. Wasu baƙi suka zuba sabo a karkace, suka yi gaba.

Abin da har yau ke ƙona mini rai, kowa ya ga Baba tsugune a filin nan, ba wanda ya ga baƙin. Da aka kwashe zana, sai gari ya ɗauka idon tsoho ya tafi. Na yi ta bayani a kasuwa har muryata ta dishe. A banza. Damina ta zo, ruwa ya kwanta a kwarin, aka ce ga shaida nan.

Rani biyu ba wanda ya kira shi, ko gyaran kwata. Har maƙwabcinmu, wanda Baba ya gina wa ɗakin aure, Konni ya je ya ɗauko magini. Muna zaune da hantsi muna jin ƙarar shebur ta bayan katanga. Baba ya kasa kunne.

"Kwaɓin nan ruwa ya yi masa yawa. Je ka faɗa musu."

Na miƙe.

"A'a, zauna," in ji shi. "In suka ji ni na faɗa, sai su ƙara ruwan."