Rubutu a Cikin Fura

Mijina ya yi shekaru yana jan fata a wani kamfani a Challawa, irin ɗanyar fatar nan da ake tsamowa daga ruwan magani, ta jiƙu ta yi nauyi har sai mutum biyu sun kama. Lebura ne, ba ma'aikacin dindindin ba, kuma duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar kamfanonin nan da safe ya san abin da hakan yake nufi. Maza ne tsaitsaye, daga Jigawa, daga Nijar, daga ƙauyukan Kumbotso, kowa yana jira a ce wani bai zo ba.

Ciwon ya fara masa ne a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. In ya ci abu mai maiƙo sai ya murɗe shi, ya yi ta birgima a tabarma yana haɗa gumi, gari ya waye ya kasa fita. Mun sha jiƙe-jiƙe har muka gaji, sannan muka je babban asibiti a cikin gari. Hoto ya nuna tsakuwa ce a matsarmama, kuma sai an cire matsarmamar gaba ɗaya. Helman da yake kula da su ya riga ya ja masa kunne a kan fashin aiki. In aka yi masa babbar yanka, zai fi wata bai ɗaga ko bokiti ba, kafin nan kuwa an daɗe da ba wani gurbinsa.

Wata likita ce, siririya mai farin gilashi, ta zaunar da mu ta ce suna wani bincike. Akwai hanyar da ba a tsaga ciki. Ƴan ƙananan hudoji ake yi, a hura iska ciki ya ɗaga, a zura kyamara ta ɗaya, kayan aiki ta sauran, likita yana kallon allo yana aiki. Suna so su gane yadda masu aikin ƙarfi suke warkewa da wannan hanya, da kuma lokacin da suke iya komawa bakin aiki. Babban likitan da ya ƙware a kai ba kullum yake zuwa ba, rana ce ake warewa, in ta wuce sai an jima kafin a sake samu. Mijina yana jin an ce kamar mako biyu zai koma aiki, bai ƙara jin komai ba, sai gyaɗa kai yake yi. Ni ce na ji sauran.

“Daga tsakar dare kada ya ci komai,” in ji ta. “In aka sa shi barci akwai abinci a cikinsa, zai iya tasowa ya shige huhu. Mutum yana rasa ransa a haka.”

Ana gobe aiki sai ga Inna, mahaifiyarsa, ta sauka daga ƙauye da ƙullin kayanta a ka. Shi ne autanta. Mutum ne mai gemu, har da furfura ɗaya-ɗaya, amma in tana gida komawa yake kamar wanda aka yaye jiya. Ni da ita ba mu taɓa sa-in-sa ba. Ina gaishe ta a durƙushe, ba na haɗa ido da ita, ita kuma tana kirana ƴar nan, kuma har ga Allah tana sona. Na gaya mata abin da likita ta ce, ta amsa da “To, Allah Ya ba da sa'a,” na ɗauka magana ta shiga.

Bayan sallar asuba, gari ya fara haske, ina bayan ɗaki ina haɗa kayan da za mu tafi da su, sai na ji ƙarar ludayi a ƙwarya. Na leƙo. Yana zaune a bakin ƙofa, ita tana tsugune a gabansa da ƙwaryar fura, kuma furar ta yi duhu-duhu. Rubutu ne ta karɓo wajen malaminsu na ƙauye, an wanke allo an zuba mata a gora. Ta san autanta ba ya son ɗacin tawada tun yana yaro, shi ne ta dama masa da fura da nono.

“Inna, an ce kada in sha komai,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

“Abinci suka ce. Wannan ayar Allah ce. Wuƙa za ka shiga, Auta, in bar ka ka tafi haka?”

Ina tsaye da zani a hannu. Suruka ce da ɗanta, da sunan Allah a tsakaninsu, ta ina zan shiga? Kafin in gama shawara da zuciyata ya kafa kai. Ba kurɓa ɗaya ya yi don ya faranta mata ba, tas ya shanye, don tun jiya yake jin yunwa.

A cikin adaidaita sahu, Inna tana gefe tana jan carbi, tireloli suna wuce mu suna girgiza mu, ya sunkuyo kusa da kunnena.

“Kada ki faɗa.”

“Malam, ka ji abin da likita ta ce.”

“In suka ɗaga aikin nan na rasa wajena. Kafin mu isa ta narke. Na ce kada ki faɗa.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushinsa, na ji haushinta, na ji haushin kamfanin da ya sa namiji yake tsoron fashin aiki fiye da mutuwa. Amma tsoro ya fi haushin yawa. Tun daga unguwarmu ta Panshekara har muka shiga gari ina kallon maƙogwaronsa, duk gyatsar da ya yi sai gabana ya faɗi.

Shi ne na farko da za a shiga da shi. Aka ba shi koriyar riga marar maɓalli, aka sa masa allurar ruwa a hannu, ya kwanta a gadon turawa. Wata nas, babbar mace mai kakkausar murya, ta tsaya a kansa tana tambayoyi, likitan da zai sa shi barci yana gefe yana duba hannunsa.

“Ka ci wani abu tun dare?”

“A'a.”

“Ko ruwa? Ko shayi?”

“Ban sha ba.”

Na tabbata Inna a ranta ba ƙarya ta ji ya yi ba. Nas ta taka birkin gadon ta saki, ta fara turawa. Ƙofar ɗakin tiyata tana nan gabanmu, ba nisa.

“Ya sha fura,” na ce.

Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so, har masu jinyar gadon kusa suka waiwayo. Gadon ya tsaya. Likitan ya tambayi yaushe, da kuma yawanta, na ce da asuba, ƙwarya guda, da nono. Mijina ya yi mini wani kallo da bai taɓa yi mini ba, sannan ya juya fuskarsa bango.

“Wa ya ba shi?” in ji nas.

Inna da kanta ta matso, ta ce ita ce, kuma rubutu ne, ba abinci ba.

“Haba Baba!” in ji nas. “Da yarinyar nan ba ta yi magana ba, da yau kin kashe ɗanki da hannunki.”

Likitan ya ɗaga mata hannu ta yi shiru, amma magana ta riga ta fita, kuma a gaban mutane. Ya ce ba za su taɓa shi yanzu ba. Za a mayar da shi ƙarshe, in aka gama da sauran da sauran lokaci a yi masa, in ba a gama ba sai wani jiƙon.

Haka muka wuni. Ni da Inna a benci ɗaya a baranda, tsakaninmu wajen zaman mutum guda. Na sayo mata ruwa, ta ajiye a ƙasa ba ta buɗe ba. Na leƙa mijina, ya rufe ido kamar mai barci, alhali ina ganin yatsun ƙafarsa suna motsi. Aka shiga da mutum aka fito da shi, aka shiga da wata mata. Ita ce ta daɗe. Azahar ta wuce ba ta fito ba, muka ji ana cewa aikinta ya rikice sai da aka koma babbar yanka. Na fara lissafin abin da zan ce masa in muka koma gida da matsarmamarsa a ciki, da abin da zai gaya wa helma. Na tambayi kaina ko da na yi shiru da yanzu an gama lafiya. Ban sani ba, kuma har yau ban sani ba.

Ana kiran la'asar likitar nan mai gilashi ta fito, fuskarta duk gajiya, ta ce babban likita ya yarda ya tsaya. Aka tura shi ya wuce ta gabanmu. Bai kalle ni ba. Inna ta miƙe kamar za ta taɓa shi, sai ta mayar da hannunta cikin mayafi.

Ya fito da ƴan filastoci a ciki, kowanne bai kai tafin hannun jariri ba. Washegari ya taka da ƙafarsa, yana ƙorafin kafaɗa tana masa ciwo, aka ce iskar da aka hura ce, za ta wuce. Bai cika mako uku ba ya koma Challawa, aka fara sa shi a wajen shanya kafin ya koma jan fata, kuma ya tarar da gurbinsa. Masu binciken sun yi ta kiransa a waya suna tambayar jiki. Fushinsa da ni bai yi nisa ba, ranar da ya ci tuwo da man shanu bai murɗe ba ya huce.

Inna ce ba ta dawo daidai ba. Ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata wajen kowa ba, da ta yi hakan ma da ya fi mini sauƙi. Ta ci gaba da zuwa, tana kirana ƴar nan, tana kawo masa fura da zuma da ɗanwake kamar da. Sai dai in ta kawo, a gabana take ajiyewa, ta ce, “Duba ki gani, in ya dace ki ba shi.” Na roƙe ta, har kuka na yi mata, na ce Inna ɗanku ne, ku ba shi da kanku. Sai ta yi murmushi ta kawar da kai. Ta yi shekaru bayan nan kafin Allah Ya karɓi abinSa, kuma ko ruwan sha ba ta sake miƙa wa autanta da hannunta ba.