Jamusa da Ɗan Ciyawa

Ina cikin takaba yayan mijina ya sayar mini da jamusa. Ban yafe ba, kuma ga shi na tsufa ban ji alamar zan yafe ba.

Jamusa baunar gida ce irin ta Masar, baƙa wuluk, madararta kauri kamar kunu. Marigayi mijina ya saye ta a hannun wani Bamisire da zai koma gida, lokacin muna zaune a gefen Jidda, wajen Waziriyya, ba komai sai ɗakunan kwano da rairayi. Ni ke tatsarta da asuba, in ɗebe mai, in kai madarar gidajen unguwar Bagdadiyya. A ciki muke sayen ciyawarta da ruwan da ake watsa mata da rana, a ciki ni da marayuna muke ci.

Yaya ya ce mace ita kaɗai ba ta iya riƙe irin wannan dabba. Ya ce madarar gwangwani ta cika kantuna, an daina yayin ta ƙwarya. Zai sayi mota da kuɗin ya riƙa ɗaukar alhazai, ya ciyar da 'ya'yan ƙaninsa. Ta kafar ƙofa na ga an ja ta zuwa gonar wani attajiri mai tara shanun madara a hanyar Makka, ni ba halin in fita. Mota kam an saya, har da ƙaho mai kiɗa. Ciyarwar kuwa buhun shinkafa ɗaya muka gani, shi ma ba cikakke ba.

Akwai abin da Yaya bai sani ba, don bai taɓa tsugunawa gindin dabba ba. Ɗan jamusar ya mutu yana jariri, sai mijina ya feɗe fatar, ya cusa mata busasshiyar ciyawa, ya ɗinke, ya yi mata ƙafafun itace. Ɗan ciyawa muke kiransa. Sai an ajiye shi a gabanta ta shinshina ta lashe shi sannan take sakin nono. Yana nan ƙarƙashin gadona a naɗe cikin tabarma.

Ba a jima ba labari ya iso cewa jamusar ta ƙi kowa a gonar, ta shure mai tatsa, ta yi ta kuka. Attajirin ya ce an cuce shi, ko dai ta ba da madara ko a mayar masa da kuɗinsa. Da Yaya ya ji zancen fatar a bakin matarsa, sai ga shi a ƙofata da ledar lemo, har da tambayar lafiyar yara.

"Ƙanwata, halas, magana ta ƙare, abin da ya wuce ya wuce. Ba ni fatar nan in kai musu."

"Wace fata, Yaya? Ai komai na gidan nan kai ka lissafa. Abin da ba ka gani ba, babu shi."

"Ki ji tsoron Allah. Motar ce za ta tafi."

Na ce masa jamusata ma ta tafi, kuma ban ga ya rame ba.

Maƙwabta suka yi ta zarya, suna cewa in na ja lokaci nonon zai ƙafe, ni zan yi asara. Na fi su sanin haka. Kowace safiya ina tashi a lokacin tatsa, hannuna na ƙaiƙayi, in zauna bakin gado ina jin fatar a bayan dugadugaina. Amma in na tuna ƙahon motar nan sai zuciyata ta bushe. So nake ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana, kuma a gaban mutane.

Ya ɗanɗana kuwa. Ya sayar da motar da asara, ya biya attajirin, aka mayar masa da jamusar. Ba shi da wurin ɗaure jamusa, ba shi da ruwan ba ta, mahauta kuma suka yi masa tayin wulaƙanci. Da rana tsaka ya jawo ta da igiya tun daga bakin titi, jallabiyarsa sharkaf da gumi, unguwa duk ta fito kallo. Na gama takaba a lokacin, don haka a waje na tsaya na karɓi igiyar.

Na fito da ɗan ciyawa. Ta shinshine shi, ta lashe shi tun daga kai har wutsiya, tana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Na tsuguna na kama nonon. Ya yamushe kamar tsohuwar jaka, ko ɗigo bai fito ba. Sai ta sake haihuwa zai kawo, kuma duk inda na tambaya a Jidda ban sami mai namijin jamusa ba.

Na koma soya gyaɗa ina sayarwa a bakin makaranta, ina wankau a gidajen da dā nake kai wa madara. Mutane suka ce in ba mahauta ita in huta da sayen ciyawa. Na ƙi. Na ciyar da ita har ta mutu don kanta, ban sake samun ko cokali ɗaya na madara ba. Kullum la'asar nakan ja ta mu bi ta ƙofar gidan Yaya, inda yake zaune a tabarma ba aikin yi, in tsaya in gaishe shi da kyau, in tambaye shi ya hanya.