Ranar da Iya Ta Karya Dokar Ƙwai

Wata ranar Laraba ce, a tsakiyar daminar shekarar da nake aji uku na firamare. Na dawo daga makaranta ƙafafuna duk caɓi, takalmina a hannu, sai na tarar da kakata Iya durƙushe gaban murhu tana fifita wuta a ƙarƙashin ƙaramar tukunya. Na leƙa, ina zaton rogo ne. Ƙwan zabi na gani yana ta juyi cikin tafasasshen ruwa. Ƙanena Bashir yana zaune kan tabarma a gefenta, ƙafafunsa a miƙe, yana kallon wuta kamar ba ya ganinta. Na saki baki, domin tun da na yi wayo a wannan gida namu na wani ƙauye kusa da Maska, ban taɓa ganin an dafa ƙwai alhali babu baƙo ba. Iya ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Rufe bakinki kada ƙuda shi shiga."

Ba wai ƙwan ne babu a gidan ba. Iya tana da kaji cike da akurki, da garken zabi masu surutun tsiya. Da damina ta kankama zabin kan shige ciyayin bayan danga su yi ta zuba ƙwai, kuma aikina ne in bi sawunsu in gano wurin. Da ludayi nake kwasowa, don Iya ta ce in zabuwa ta ji warin hannun mutum sai ta sauya sheƙa. Wasu ta sa wa kaza ta kwanta a kai, wasu ta jera a ƙwarya a kai kasuwa. Amma a ce yaro ya kai baki, ina! "Yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama," haka take faɗa, haka uwarta ta faɗa mata. A lissafinta, daga ƙwan akurki sai kaza, daga kaza sai akuyar maƙwabta. Nama ma in an yanka, tsokar ta manya ce, mu sai ƙashi da ƙafa, mu yi ta tsotsa har a kore mu.

Sai dai mu da ƙafarmu ta yi ƙwari ba mu cutu ba, don bakinmu ba ya hutawa. Da ruwan farko mu tara shinge, garar nan mai fiffike, a roba a soya mana a kasko. Da kaka mu bazama kamun fara a gonakin dawa, mu cire fiffike, mu barbaɗa gishiri da yaji. Akwai kalar gyaɗa bayan an yi cira, da dafaffiyar gurjiya, da ƙuli-ƙulin da muke gurgura a lokacin tara har muƙamuƙi ya yi ciwo, da kwaɗon zogale da ake ci hannu biyar cikin kwano ɗaya. Ba wanda ya ce mana wannan shi ne abinci mai gina jiki. Kwaɗayi ne kawai yake kai mu, jiki kuma yana karɓar rabonsa.

Bashir bai kai wannan matsayi ba. Umma tana Funtua da Babanmu, ta samu ciki yana goye, aka ce nonon ya lalace, aka kawo shi yaye wurin Iya bai ma gama iya tafiya ba. Ya zo a mugun lokaci. Waken da ya rage a rumbu an kai gona an shuka, gyaɗa ma haka, ba abin da ya saura sai dawa da masara. To, Iya ta ɗauki son duniya ta ɗora masa. "Maigida" take kiransa, kullum yana bayanta, ko ɗauka na zo yi sai ta ce hannuna ba albarka. Koko da safe, koko da rana, da yamma tuwo mai laushi da miyar kuka. Ba ta taɓa barinsa da yunwa ba, wannan ni shaida ce. Sai cikinsa ya yi tim take ajiye ludayi.

Da ya fara cika, Iya har rawa ta taka. Kumatu suka fito, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul, ta riƙa leƙa danga tana kiran maƙwabciyarmu Hajiya Indo ta zo ta ga kiwon tsohuwa. Ni ma na yi murna, har na fara tsarguwa. Yaron da in ka yi masa cakulkuli sai ya shiɗe don dariya, ya koma ko murmushi ba ya yi. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatar cinyarsa tana saɓulewa. In na goya shi sai in ji nauyi, amma ba ya riƙe ni. Kawu Sule, ƙanen Babanmu mai babur, shi ya zo ya dube shi ya ce sai an kai shi asibiti. Iya ta yi fushi ƙwarai. "Ni da na yaye ka, na yaye yayanka, ni za a koya ma yaye?" Amma ta ɗauki mayafinta ta hau.

Kwanaki suka yi a asibiti a Funtua, ni ina wurin Hajiya Indo. Kawu ne ya ba mu labari daga baya. Ya ce wata nas ta danna ƙafar Bashir da babban yatsa, ta ɗaga, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ce, "Iya, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Cikinsa yana cika, amma jikinsa bai samun abin gini." Ta gaya mata a fili cewa yara suna mutuwa da irin wannan kumburi. Aka yi ta ba shi wata madara kaɗan-kaɗan, kuma da za a sallame su ta ce a riƙa dama kununsa da gyaɗa, a ba shi nono da wake mai laushi, sannan ƙwai kullum in akwai.

Washegarin dawowarsu ne na tarar da ita a gaban murhun nan. Ta tsamo ƙwan, ta jefa a ruwan sanyi, ta ƙwanƙwasa shi a bakin turmi, don ɓawon ƙwan zabi tauri gare shi. Ta ɓare shi. Hajiya Indo ta leƙo ta danga, ta dafe ƙirji ta ce, "Iya! Ƙwai za ki ba yaro?" Iya ta marmasa gwaiduwar da yatsunta, ta yi bismillah, ta sa masa a baki. Sai da ya haɗiye ta amsa. "Bari shi ci, Indo. Ɓarawo yana tuba, wanda aka kai kushewa ba ya dawowa. In ya rayu, ni da bulalata mun ishe shi."

A wannan rana na san girman son da tsohuwar nan take yi mana. Nas ba ta sauya mata ra'ayi ba ko kaɗan. Ta yarda har cikin ranta cewa da hannunta take lalata jikanta, amma ta zaɓi ya lalace a gabanta da ta rasa shi.

Sauƙin bai zo da sauri ba. Da kumburin ya gama sacewa sai ainihin Bashir ya bayyana, ƙashi da fata, har mata suka fara raɗa cewa asibiti ta ƙarasa shi. Iya ta toshe kunnenta. A wannan damina ƙwai ko ɗaya bai je kasuwa ba. Ta sa Kawu ya nemo gyaɗa, ta tsayar da wata Bafulatana mai kawo nono kowace safiya. Ni kuwa da ban kumbura ba, rabona shi ne zubar da ɓawo, kuma har yau ban yafe wannan rashin adalci ba. Masara ta fara bunƙasa goyo lokacin da wata safiya muka ji zabi sun ɓarke da ihu. Bashir ne ya rarrafa cikinsu yana ƙyalƙyala dariya. Iya ta juya mana baya, wai hayaƙi ne ya shiga idonta, alhali ko wuta ba a hura ba.

Daga nan sunansa ya tashi daga maigida ya koma "ɓarawona". Har ya girma tana sa ido a hannunsa, in allura ta ɓace shi ake fara tambaya. Bai taɓa ɗaukar na kowa ba, ita kuma ta ce ai bulalarta ce ta yi aiki. Da tsufa ya kwantar da ita, haƙora suka ƙare, shi ne yake tasowa daga Funtua duk Juma'a, ya dafa ƙwai, ya marmasa gwaiduwar da yatsunsa, ya riƙa sa mata a baki. Takan tauna a hankali ta ce, "A ina ka sato?"

Yanzu 'ya'yana suna karanta furotin a littafin makaranta, sun san yana cikin wake da kifi da awara. Ana soya musu ƙwai su ci rabi su ture faranti. Nakan buɗe baki zan yi faɗa, sai in tuna da tukunyar nan da yatsun Iya suna marmasa gwaiduwa, in ja farantin gabana in cinye ragowar. Allah ya ji ƙan Iya. Ta tafi tana jiran satar Bashir.