Wayar da Aka Zare daga Kayan Ɗakin 'Yata

Kaka ce, an gama yankan gero, ana roron wake. Gona ta yi albarka a shekarar, amma ni ban zauna na ji daɗinta ba, a guje na yi ta. Bikin 'yata ta fari ya matso, za a kai ta Gafasa, kuma tun da ruwa ya ɗauke ba ni da wani tunani sai na kayan ɗaki. Abin da ya faru a ƙarshen bikin nan, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, ni da ake cewa ba a taɓa jin muryata daga zaure ba.

Ƙanenta ne ya jawo, wanda yake bi mata. Ya gama makarantar koyon sana'a, yana da ɗan teburi a bakin kasuwar Gaya inda yake gyaran rediyo da fanka da tocila. A shekarar ya ɗauko wani aiki da ya shiga ransa, wani inji da ya gani a salularsa. Wai firinta, amma ba takarda yake bugawa ba. Roba yake narkarwa, ya riƙa zubo ta siririya kamar taliyar murji, layi kan layi, har abu ya tashi tsaye. Ya haɗa jikin injin da katako da sandunan ƙarfe da tarkacen da ya sayo a Kano. Komai ya tafi daidai sai kan injin, inda robar take narkewa. A can ake naɗa wata siririyar waya wadda in wuta ta bi ta cikinta za ta yi zafi ba ta tsinke ba. Ya ce ko a birni sai an yi odarta.

Ban taɓa hana shi ba. Mahaifinsa ya ce wasan yara ne, ni na ce a bar shi. Ya warware wayar birkin babur silli-silli ya naɗa, ta ƙona masa wani abu a cikin injin, ya wuni bai ci abinci ba. Ya ɗauki soson ƙarfen da nake wanke tukunya, ya ja zare ɗaya, ya yi tartsatsi ya zama toka nan take. Da ya ce hitar dafa ruwa tana da irin wayar a cikinta, ni na sa mayafi na bi gidajen maƙwabta ina tambayar matacciyar hita, mata suna tsokanata wai na koma jari-bola. Ya fasa waɗanda na samo, wayar tana nutse cikin wani farin gari, da ya ja sai ta kakkarye. Daga ƙarshe na ɗauko ayan ɗina na guga, mai lafiya, na miƙa masa da hannuna. Ita ma ba ta yi ba, wayarta mai faɗi ce, ta ƙi naɗuwa a ɗan ƙaramin kan nan.

Ana saura kwanaki kaɗan biki sai injin ya tashi. Gidan ya cika da warin roba, yaron ya fito yana dariya da wani ɗan mariƙi da ya buga wa murfin tukunyata wanda ya daɗe da karyewa. Na yi hamdala, na kai wa maƙwabta suka gani. Na tambaye shi inda ya samo wayar, ya ce Allah ne ya kawo. Ni kuwa na ce to madalla.

Kayan amarya suna ɗakina, a bayan gado. Ɗaya bayan ɗaya na tara su, daga suyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa. A cikinsu akwai draya ta busar da gashi da tosta ta gasa burodi. Ranar da na saye su ban yarda da bakin mai shago ba. Na tsaya na karanta abin da zan iya na jikin kwalin, da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci, na sa ya jona su a gabana. Na tara tafin hannuna a bakin drayar har sai da zafin ya sa na janye. Sababbi ne, da ledarsu.

Aka yi jere, aka kai amarya. Ni ban je ba, uwa ba ta zuwa, balle 'yar fari da ko sunanta ba na kamawa. Ƙanwata ce ta raka ta ta kwana can. Washegari aka yi buɗar kai, matan dangin ango suka shiga ganin ɗaki. Bayan la'asar ƙanwata ta dawo, ta shigo ɗakina ko mayafi ba ta cire ba, ta ce in zauna.

Ta ce an ɗauko hayar janareta saboda biki. Gwaggon ango, wata mai kitso ce, ta ga drayar a kabad ta ce bari ta ji ƙarfinta. Aka jona. Ta yi ƙara, ta hura iska mai sanyi kamar fanka. Aka yi dariya. Wata ta ce a gwada tostar, aka sa burodi, aka jira, ya fito yadda ya shiga. Gwaggon ta ɗaga ta, ta jijjiga, ta leƙa cikinta, sannan ta ce a gaban kowa, “Ashe gwangwani aka kawo mana a kwali.” Wata ta ƙara da cewa gwanjo ne aka goge aka sa a leda. Yarinyar tana zaune a bakin gado cikin lulluɓi, tana jin komai.

Ban tambayi kowa ba. Na miƙe na tafi ɗakin zaure. Injin yana ta aikinsa, shi yana tsugune a gabansa. Na sunkuya na dubi kan, ga siririyar waya nan an naɗe ta tsaf. Na tambaye shi sau ɗaya.

Bai musa ba. Ya ce, “Umma, ai ba amfani za ta yi da su ba. Wace wuta ce a gidan? Jerawa kawai za a yi su tsufa a kabad.” Ya ce ya fara zare ta tostar, ba ta yi ba, ta drayar ce ta yi. Niyyarsa in ya yi odar wayar ta iso ya je ya mayar ba wanda ya sani.

Wannan maganar ce ta fi ƙona ni. Ya shiga ɗakina ina wajen suya, ya kwance kayan yayarsa, ya kwashe cikinsu, ya mayar da kowane noti, ya sa leda, har kwalin ya sake manne shi da salatif. Duk wannan natsuwar ya samu, amma bai samu ta tunanin yarinyar da za ta zauna a gaban baƙi ba.

Na ce, “Ayan ɗina da hannuna na ba ka. Me ya hana ka tambaye ni?”

Ya ce, “Da kin hana.”

Gaskiya ya faɗa, da na hana. Na kashe masa injin daga soket na fita.

Mahaifinsu ya ce surutun mata ne, zai wuce. A bari a sayar da wake a sayi wasu a aika a ɓoye. Na saurare shi har ya gama, kamar yadda na saba, amma ban yarda ba. In aka aika sababbi, an gaskata gwaggon ke nan, an kama mu mun musanya. Na san gidan yawa. Suna ɗaya za a laƙaba mata, amarya mai gwangwani, ta haihu ta yi jikoki ana faɗa a bayan idonta. Kullum ta kawo wani abu daga gida sai an jijjiga shi. Na ji haushin gwaggon, da ba ta iya jan ƙanwata gefe ta yi magana ba. Amma ita abin da ta gani ta faɗa. Abin da zai wanke yarinyar ɗaya ne, su ga inda cikin kayan ya tafi, ko da kuwa ɗana ne zai ji kunya. Da na ce zan je, ƙanwata ta ce, “Yaya, ke da kanki? Gidan 'yar fari, ko kwana uku ba ta yi ba?” Na ce ni da kaina.

Da gari ya waye na dama koko, na ba kowa, na aika a kira mai adaidaita. Na ce wa yaron ya ɗauko injin yadda yake, kada ya taɓa wayar, ya sa sukundireba a aljihu. Ya nemi ya rufe shi da zani, na ce a bar shi a buɗe. Haka muka tafi har Gafasa, yana rungume da shi a cinya.

Mazan da ke ƙofar gida suka bi mu da kallo. Na yi sallama, na nemi uwar miji, na roƙi a kira gwaggon. Na ji motsin labulen ɗakin amarya, ban kalli wajen ba. Bayan mun gaisa na ce, “Hajiya, ku gafarce ni da na tako gidan nan tun yanzu. Kayan 'yarku sababbi na saya. Ga wayar da take cikinsu, ga kuma wanda ya zare ta.”

Na sa aka fito da drayar da tostar aka ajiye a tabarma. Yaron ya ce a hankali, kansa a ƙasa, ya riga ya yanke ta, da wuya ta koma yadda take. Na ce ya warware ta dai a gabansu, ya nuna musu gurbinta, ya mayar da abin da zai mayu. Ya durƙusa ya fara kwance notin. Ni kuma na matsa kusa da gwaggon na zauna, na ce mata ta matso sosai ta gani.