Sharar Ranar Juma'a

Wata uku aka ba ni na gwaji a wani kamfanin manyan motoci a Garwa. Aikina in rubuta hanyar saƙo: in an yi wa mota lodin auduga, labari ya tafi da kansa wurin ma'aikatanmu na Kusiri. Ɗan fayil ne kawai. Sai in jefa shi cikin wani dosiye, wato jakar fayiloli, a kan babbar kwamfutar da muke kira sarba, ita kuma manhajar Java ta ɗauka ta tayar da shi, ta ajiye wani ƙaramin fayil a gefe, alamar cewa yana aiki. In aka goge alamar nan, hanya ta mutu.

Litinin zuwa Alhamis lafiya lau. Juma'a kuwa, da mun dawo daga masallaci sai waya daga Kusiri, motoci sun iso ba labari. Sati uku a jere.

Patron, wato mai kamfanin, ya ce, "Wannan hanyar taka ta fi ka riƙon addini, ba ta aiki ran Juma'a. In ta sake, ku tafi hutun tare."

Raina ya ɓaci, na kuma ji tsoro ƙwarai. Na zargi wuta, na zargi zafin Garwa, har na zagi Turawan da suka ƙera manhajar, bayin Allah ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Juma'a ta huɗu na ƙi motsawa daga gaban sarba. Sha ɗaya da rabi sai ga tsohon mai ajiyar takardunmu, aminin marigayi mahaifina, wanda shi ya kai ni wurin patron da hannunsa. Mutum ne da ko ɓawon gyaɗa ba ya bari a tebur. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya buɗe dosiyena ya goge alamar, ina kallo.

Na ce, "Baba, me ka yi ke nan?"

Ya ce, "Shara, ɗana. Na buɗe na ga ba komai ciki sai suna. Ba a shiga masallaci a bar datti a baya. Duk Juma'a sai na gyara maka, don kada patron ya ce kai ƙazami ne."

In na faɗa wa patron, tsoho ne zai sha kunya, ga shi saura shekara biyu ya yi ritaya. Na ce na gode, Allah ya saka.

Ranar nan na sake tayar da hanyar, na kulle dosiyen gaskiya, na buɗe masa wani mai irin sunan. Na gaya wa patron kuskurena ne, na gyara, na sha faɗana. An ba ni aikin.

Shekara biyu cur duk Alhamis ina zuba masa fayilolin banza guda biyar, shi kuma yana sharewa. Ranar bankwanarsa ya riƙe hannuna a gaban kowa, ya ce, "Yaron kirki ne, sai dai ƙazanta. Ban san wa zai riƙa gyara masa ba."